Juma'ar da za ta yi kyau: me shekaru biyun farko ke nunawa game da ƙarfen kwatangwalo marar siminti?

Wanda kan ƙashin cinyarsa ya lalace ba ya bukatar a kwatanta masa ciwo. Ya san daren da ake kwana ana juyi ba a sami gefen kwanciya ba, ya san yadda sa takalmi ko hawa babur ke zama babban aiki, ya kuma tuna ranar da ya fara yin salla a zaune. Idan aka yi masa tiyatar sauya gaɓar kwatangwalo, galibi kwana ɗaya ko biyu sun isa a miƙar da shi tsaye, kuma kafin wata uku da yawa daga cikin irinsa sun jingine sandar dogarawa. Wannan ne ya sa a shekarar 2007 wasu likitoci uku suka rubuta a mujallar Lancet cewa shi ne aikin tiyatar ƙarni, kuma babu ƙarin gishiri a maganarsu. Sai dai saurin samun sauƙin nan shi ne kuma ke ruɗar ido. Kowace shekara asibitoci daga sassan duniya suna buga rahotanni masu kama da juna: an sa wa majinyata kaza wani ƙarfen cinya da ba a kafa shi da siminti ba, an bi su shekara ɗaya ko biyu, ciwo ya tafi, suna takawa, don haka ƙarfen ya yi. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Maganar ta dace da wannan aiki, amma da sharaɗi guda, wato a san abin da za a duba ranar Larabar. Tafiyar majinyaci da fara'arsa a wata na shida shaida ce cewa an cire masa abin da ke yi masa ciwo. Ba su isa shaidar cewa ƙarfen da ke cikin cinyarsa zai kai shekara ashirin ba.

Ya kamata a fara da yadda aikin yake. Gaɓar kwatangwalo ƙwallo ce a cikin kwarmi: kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana juyawa a cikin wani gurbi da ke jikin ƙashin ƙugu, guringuntsi kuma ya shimfiɗu tsakaninsu don kada su goga. Idan guringuntsin ya cinye ko kan ƙashin ya mutu ya rufta, likitan fiɗa yana yanke kan, ya gyara kwarmin ya sa masa kofi, sannan ya zura sandar ƙarfe cikin ramin ɓargon ƙashin cinya, ya ɗora mata sabuwar ƙwallo a sama. Tambayar da likitoci suka shafe fiye da shekara hamsin suna ja-in-ja a kanta ita ce yadda sandar nan za ta zauna daram a cikin ramin. Hanya ta farko ita ce a cika ramin da wani kwaɓi da ake kira simintin ƙashi, wanda a haƙiƙa wata irin roba ce dangin wadda ake yin haƙoran roba da ita, a dasa sandar a ciki, cikin kusan minti goma ya daskare. Hanya ta biyu ita ce a sassaƙe ramin daidai da siffar sandar amma ya ɗan fi ta matsewa, a buga ta da guduma har ta cije, a bar ƙashin majinyacin ya tsiro ya kama jikinta da kansa. Ta farko tana kafuwa tun a kan gadon tiyata. Ta biyu tana dogara ne da aikin da jiki zai yi cikin makonni shida zuwa goma sha biyu masu zuwa, kuma wannan bambanci shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

Mutumin da ya kafa harsashin wannan tiyata shi ne ya fara shan ɗacin sakamakon farko. John Charnley, likitan ƙashi a asibitin Wrightington da ke arewa maso yammacin Ingila, ya fara amfani da siminti a ƙarshen shekarun 1950, yana yin kofin da robar Teflon saboda santsinta. Majinyatansa sun tashi kamar ba su taɓa ciwo ba. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu sai robar ta fara cinyewa, ɓurɓushinta ya riƙa harzuƙa naman jiki yana cin ƙashi, har ya zama dole a sake yi wa mutane kusan 300 aiki ko a ci gaba da sa musu ido. A watan Nuwamba na 1962 ne ya koma ga wata roba mai tauri, wadda danginta ake amfani da su har yau. Abin da ya ɗauka daga wannan masifa ya fi sabuwar robar muhimmanci. Ya gwada ɓurɓushin robobin biyu a ƙarƙashin fatar cinyarsa don ya ga yadda jiki zai karɓe su. Ya hana a sayar da ƙarfensa ga likitan da bai zo Wrightington ya koyi aikin ba. Ya roƙi majinyatansa su yarda a cire gaɓar bayan rasuwarsu don a duba abin da ya faru da ita. Duk wanda ya san wannan tarihi ba zai karanta rahoton shekara biyu da sakin jiki ba.

Ƙarfen da ba ya bukatar siminti ya samu karɓuwa ne saboda wani kuskuren fahimta, kuma wannan ma darasi ne. A shekarun 1970 da 1980 an riƙa ganin ƙashi yana zaizayewa a gefen ƙarafan da aka kafa da siminti, har a 1987 wasu masu bincike biyu a Amurka suka raɗa wa abin suna ciwon siminti. A daidai lokacin kuma ilimin da Per-Ingvar Brånemark ya faro a Suwidin tun shekarun 1950, cewa ƙashi mai rai yana iya manne wa ƙarfen titaniyom har ba a iya raba su, ya riga ya kawo sauyi a dashen haƙori. Likitocin ƙashi suka bi sawu. Karl Zweymüller ya fito da sandarsa mai kusurwa huɗu a birnin Biyana na Ostiriya a 1979. A Amurka Charles Engh ya shahara da sandar da aka lulluɓe jikinta da ƙananan ƙofofi don ƙashi ya kutsa ciki. A Ingila Ronald Furlong a 1985, sannan a Faransa masu sandar Corail a 1986, suka shafe ƙarfen da irin sinadarin da ƙashi da haƙori suka ginu da shi, don jiki ya ɗauke shi a matsayin nasa. Bayan 'yan shekaru sai aka ga irin zaizayewar nan a gefen ƙarafan da ba su taɓa haɗuwa da siminti ba. Ashe babban mai laifin ɓurɓushin robar kofi ne, wanda ƙwallo ke kankarewa da kowane taku. An ɗora wa siminti laifin da ba nasa kaɗai ba, kuma sai a ƙarshen shekarun 1990, da aka samar da roba mai jure guga, matsalar ta ragu sosai. Duk da haka akalar ta riga ta juya. A yau fiye da kashi 90 cikin 100 na sandunan da ake sawa a Amurka marasa siminti ne, yayin da Suwidin ta daɗe tana riƙe da siminti, musamman ga tsofaffi.

Ba ina nufin watannin farko ba su da abin faɗa ba. Ga sanda marar siminti, a cikinsu ne ake cin nasara ko a faɗi, domin ƙashi ba ya kama abin da ke motsi. Gwaje-gwajen da aka yi tun shekarun 1980 sun nuna iyakar motsin da zai lamunta. A raba milimita ɗaya gida dubu: idan gilmawar da ke tsakanin ƙarfe da ƙashi a kowane taku ba ta wuce kusan kashi 50 daga ciki ba, ƙashi zai tsiro ya cije. Idan ta haura kashi 150, wato kusan kaurin silin gashi biyu, sai jiki ya shimfiɗa wata tantani mai laushi irin ta tabo a tsakaninsu, sandar ta zauna a kan katifa maimakon dutse. Mai irin wannan sanda yana iya yin shekaru yana tafiya, wataƙila da ɗan ciwo a tsakiyar cinya idan ya tashi daga zaune, kafin ranar da za ta saki gaba ɗaya. Ga shi nan a fili: makomar ƙarfen an yanke ta tun a watanni ukun farko, amma majinyacin da likitansa ba lalle su ji a jikinsu ba.

To da me ake auna ta? Yawancin ƙananan rahotanni suna dogara ne da ma'aunin da William Harris na birnin Boston ya tsara a 1969, mai maki 100. Daga cikin makin nan, 44 na ciwo ne kawai, 47 na iya tafiya da ayyukan yau da kullum. Duk wanda aka cire wa ruɓaɓɓen kan ƙashi, ko da wane irin ƙarfe aka sa masa, makinsa zai yi tsalle daga ƙasa zuwa sama, don haka tashin makin ba ya bambanta ƙarfe nagari da wanda zai ba da kunya. Majinyatan Charnley na zamanin Teflon da sun ci wannan jarrabawa cikin sauƙi. Ma'aunin da ke iya hango gaba daban yake. A 1974 Göran Selvik na jami'ar Lund a Suwidin ya ƙirƙiro wata dabara: a dasa 'yan ƙananan ƙwayoyin ƙarfe kamar ƙwayar gero a cikin ƙashi lokacin tiyata, a riƙa ɗaukar hoton ƙashi daga kusurwa biyu a lokaci ɗaya, kwamfuta ta lissafa motsin sandar har zuwa ɗan ƙaramin kaso na milimita. Da ita ne Johan Kärrholm da abokan aikinsa suka nuna a 1994 cewa sandar siminti da ta nutse milimita 1.2 ko fiye cikin shekara biyu, damar a sake yi wa mai ita aiki ta haura rabi. Ga sanda marar siminti ƙa'idar ta ɗan bambanta. Ba abin damuwa ba ne ta ɗan nutse a makonnin farko yayin da take neman mazauni, matuƙar ta tsaya cak bayan wata uku ko makamancin haka. Wadda ke ci gaba da sauka a wata na shida da na goma sha biyu, ita ce ke ba da labari maras daɗi. Rahoton da ya nuna wannan lissafi ya cancanci a saurare shi ko da majinyatansa 'yan gommai ne. Wanda ya tsaya ga cewa kowa ya ji daɗi bai faɗi abin da ba a sani ba tun zamanin Charnley.

Akwai kuma farashin da sanda marar siminti ke karɓa tun da wuri, wanda ƙaramin rahoto ba ya iya gani saboda ƙarancin mutanensa. Buga ƙarfe da guduma cikin rami mai matsewa kamar buga turke ne cikin gora: idan gorar ta bushe ta yi siriri, tsagewa za ta yi. Wani nazari da ya haɗa kundayen rajistar ƙasashen arewacin Turai, aka buga shi a 2014 bisa ayyuka sama da dubu 400, ya gano cewa cikin shekara biyu da tiyata, kusan mutum 5 cikin kowane dubu masu sanda marar siminti sun sake komawa ɗakin tiyata saboda karayar ƙashin cinya a gefen ƙarfen, alhali masu siminti ba su kai mutum ɗaya cikin dubu ba. Asibitin da ya bi mutum hamsin zai iya gama rahotonsa bai ga ko guda ba, ya rubuta da zuciya ɗaya cewa babu karaya. A 2022 an buga sakamakon wani gwaji na Birtaniya a kan mutum 1,225 masu shekara 60 zuwa sama da suka karye a wuyan ƙashin cinya, aka sauya musu ƙwallon kaɗai ba tare da kofi ba. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Karaya a gefen ƙarfe ta sami kashi 2.1 cikin 100 na marasa siminti da kashi 0.5 na masu siminti, kuma bayan wata huɗu masu siminti sun ɗan fi jin daɗin rayuwarsu. Likitoci sun daɗe da sanin dalilin. Lawrence Dorr na Amurka ya kasa ƙashin cinya gida uku bisa hotonsa: mai kaurin bango da siririn rami, matsakaici, da wanda bangonsa ya siranta raminsa ya buɗe kamar bututu. Na ƙarshen nan shi aka fi samu a jikin tsofaffin mata, kuma shi ne ba ya iya riƙe sandar da aka buga.

Masu goyon bayan ƙarfe marar siminti suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Za su ce siminti ma yana da nasa haɗarin na nan take: yayin da ake matsa shi cikin rami, kitse da ɓargo na iya kutsawa cikin jini su toshe hanyoyin huhu, bugun jini ya faɗi, wani lokaci majinyaci mai raunin zuciya ya rasu a kan gado. Za su ce kafa sanda da siminti yadda ya kamata sana'a ce mai wuya, tana cin lokaci, kuma kankare tsohon siminti idan an zo sake aiki yana cinye ƙashi mai yawa. Za su kuma nuna tarihin sandunan Zweymüller da Corail, waɗanda a bibiyoyi da dama fiye da kashi 90 cikin 100 nasu suna nan daram bayan shekara 20. Duk wannan gaskiya ne, kuma ga matashi mai lafiyayyen ƙashi zaɓin sanda marar siminti zaɓi ne mai hujja. Amma a lura da inda hujjar ta fito. Abin da ya sa ake iya amincewa da waɗannan sanduna shi ne an ƙirga su shekara ashirin da ɗoriya a jikin dubban mutane. Amincin nasu ne, ba ya wucewa kai tsaye ga sabuwar sandar da ta fito bara tana kama da su a siffa, ko wadda aka gajarta, ko aka sauya abin da aka shafe ta da shi. Ba ya kuma wucewa daga ɗan shekara hamsin zuwa gyatuma 'yar tamanin. Kalmar "marar siminti" sunan dangi ne, kuma a cikin dangi ɗaya akwai na kirki akwai na banza.

Wani kuma zai ce idan sai an jira shekara goma kafin a yarda da kowane sabon ƙarfe, ci gaba zai tsaya, majinyata su rasa abin da zai fi musu. Tarihin Birtaniya ya ba da amsa mai tsada. A farkon shekarun 1990 an shigo da wani ƙarfe mai suna Capital na kamfanin 3M, ana cewa kamar na Charnley yake amma ya fi araha. An sa wa mutum fiye da 4,000 kafin a gane yana saki da wuri, hukuma ta fitar da gargaɗi a 1998, kuma neman waɗanda aka sa wa ya zama aiki ja don babu kundi ɗaya da ya tattara su. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafa rajistar gaɓoɓi ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2003, alhali Suwidin tana da tata tun 1979, Norwe tun 1987, Ostireliya tun 1999. Rajistocin nan ne suka bankaɗo matsalar gaɓar ASR ta kamfanin DePuy, mai ƙarfe yana guga a kan ƙarfe, wadda aka janye daga kasuwa a watan Agusta na 2010 bayan an sa kusan 93,000 a faɗin duniya. Alƙaluman Birtaniya sun nuna cewa kashi 12 zuwa 13 cikin 100 sun bukaci sabon aiki cikin shekara biyar. Matsalar tana ga ƙwallo da kofi ne, kuma sau da yawa sandar da ke ƙasa mai kyakkyawan tarihi ce, abin da ke tuna mana cewa majinyaci ba sanda kaɗai yake ɗauke da ita ba. Babu mai hankalin da ke cewa a daina ƙirƙira. Abin da ake nema shi ne a shigo da sabon ƙarfe mataki-mataki: a fara da mutane kaɗan ana auna motsinsa, sannan gwajin kwatanci da wanda aka sani, sannan rajista. Hukumar NICE ta Birtaniya ta gindaya ma'auni a 2014 cewa ƙarfen da za a ba da shawarar amfani da shi kada waɗanda ake sake yi wa aiki su wuce kashi 5 cikin 100 a shekara goma. A irin wannan tsari sakamakon farko yana da aikinsa na gaskiya, wato tankaɗe mummunan ƙarfe da wuri kafin ya shiga jikin dubbai.

Wannan muhawara ta Turai ta shafe mu fiye da yadda ake zato, saboda majinyacinmu ba irin nasu ba ne. A can yawanci tsoho ne ko tsohuwa da amosanin gaɓɓai ya cinye wa guringuntsi. A Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko na Igbobi a Legas, ko na Inugu, cikin masu zuwa da lalataccen kwatangwalo akwai matasa da yawa masu ciwon sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da wannan ciwo a Najeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Lanƙwasassun ƙwayoyin jinin suna toshe siraran jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, kan ya mutu, ya rufta, sau da yawa a ɓangarori biyu, kuma a shekarun da mutum ke neman aure ko kammala karatu. Ga irin wannan matashi lissafin shekaru ya zama abin tsoro. Nazarin da Lancet ta buga a 2019 daga kundayen rajista ya nuna cewa kusan kashi 89 cikin 100 na gaɓoɓin kwatangwalo suna kaiwa shekara 15, kashi 70 shekara 20, kashi 58 shekara 25. Wani nazarin na 2017 a mujallar ya ƙiyasta cewa wanda aka yi wa aikin bayan ya haura 70, damar a sake buɗe shi a sauran rayuwarsa kusan kashi 5 ce, amma ga namiji ɗan shekara 50 zuwa 54 ta kusa kashi 30. Budurwa 'yar shekara 25 tana gaban wannan jadawali gaba ɗaya. Kusan tabbas za a sake yi mata aiki wata rana, kuma aikin na biyu ya fi na farko wuya, ya fi tsada, ya fi cin jini da ƙashi.

Wannan ne ya sa likitoci da dama ke karkata ga sanda marar siminti ga masu sikila: ana fatan ƙashi ya kama ta ta daɗe, kuma a kauce wa zafin da siminti ke fitarwa yayin daskarewa a cikin ƙashin da jini bai wadace shi ba. Hujja ce mai ma'ana, amma ƙashin mai sikila ba shi da tabbas. A wani wuri ɓargo ya faɗaɗa ramin ya sirantar da bango, a wani wurin kuma tsofaffin toshewar jini sun bar ƙashi mai taurin dutse ya rufe hanyar, har abin sassaƙa ya goce ya huda gefe. Ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama raunin, kuma tiyatar kanta na iya tayar da ciwon ƙirji mai tsanani idan ba a shirya jini, ruwa, iska da ɗumin jiki yadda ya kamata ba. A ɗaya gefen, Philippe Hernigou na asibitin Henri Mondor da ke kusa da Paris ya buga a 2008 sakamakon ayyuka 312 da ya yi wa masu sikila da siminti, ya bi su, a matsakaici, fiye da shekara goma, kuma mafi yawan gaɓoɓin sun riƙe. Ke nan ba sunan hanyar ke warkarwa ba. Ƙwarewar hannu, haɗin kai da likitan jini da likitan sa barci, da zaɓen ƙarfe bisa hoton ƙashin mutumin da ke kwance, su ne ke yanke hukunci. Idan ɗan kasuwar da ke shigo da kayan aiki nau'i ɗaya kawai yake da shi a ranar, kuma dangin majinyaci sun sayar da gona ko shanu sun biya, zaɓin ya fita daga hannun ilimi ya koma hannun abin da ya samu, kuma wannan abu ne da ya kamata shugabannin asibitoci su ɗauke shi da muhimmanci.

Ma'aunan da muka aro ma ba su san rayuwarmu ba. Takardar Harris tana tambayar hawa bene, zama a kujera, sa safa da takalmi, da shiga motar haya. Ba ta tambayar sujada, ko zaman tahiya, ko tsugunno a bayan gida, ko zama a tabarma a ci tuwo, ko awa uku a kan babur a hanyar da ba kwalta. Waɗannan ne ke lanƙwasa gaɓar zuwa iyakarta, su ne ke iya gocar da ƙwallo daga kofi a makonnin farko, kuma su ne majinyaci zai koma yi ko an hana shi, domin da su rayuwarsa ta ginu. Sakamakon farko da zai amfane mu dole ya faɗi mutum nawa suka koma salla a ƙasa, a wane wata, kuma nawa ne gaɓarsu ta goce a hanya.

Za a ce rajista da bibiyar shekaru kayan masu kuɗi ne, ƙasar da majinyaci ke biyan komai daga aljihunsa ba ta da halin wannan. Malawi ta fi Najeriya ƙarancin kuɗi da likitocin ƙashi, amma ta buɗe rajistar gaɓoɓinta tun 2005. Na'urar Selvik tana da tsada, gaskiya ne, sai dai mafi yawan abin da ake bukata ba ya wuce ƙarfin kowane asibitin da ke iya yin tiyatar kanta. Kowane ƙarfe yana zuwa da 'yar takardar manne mai ɗauke da sunansa, girmansa da lambarsa, a liƙa ɗaya a fayil, ɗaya a katin da majinyaci zai tafi da shi gida. A rubuta shekarunsa, dalilin aikin, rukunin jininsa, da irin ƙashin da aka tarar. A karɓi lambar wayarsa da ta 'yan'uwansa biyu, don mutumin da ya daina jin ciwo ba ya son biyan kuɗin mota daga Gashuwa ko Maraɗi don a gaya masa lafiyarsa ƙalau. A ɗauki hoton ƙashi washegarin tiyata, a sake a mako na shida, a shekara ɗaya, a shekara biyu, kullum a kwance iri ɗaya, a jera su a auna ko sandar ta sauka ko wani siririn baƙin layi ya fara bayyana a gefenta. Wanda bai dawo ba a kira shi, kuma idan ba a same shi ba a rubuta cewa ba a same shi ba, kada a lissafa shi cikin waɗanda suka warke.